Ni, Man Zaitun da Doguwar Filani

Shekarar da na ajiye alli na dawo gida Dogon Dutsi da zama, ita ce shekarar da likita ya shiga tsakanina da tuwo. Na daɗe ina fama da ƙishirwa marar dalili da gajiyar da barci ba ya kore ta, amma ina ɗora laifin a kan zafin gari da tsayuwa gaban allo. Da tsayuwar ta ƙare gajiyar ta ƙi tafiya, sai matata ta sa ni gaba har asibiti. Aka ɗebi jini. Ranar da na koma, likitan ya dubi sakamako, ya dubi tumbina, ya ce ciwon sukari ne, amma bai yi nisa ba, idan na gyara cin abincina zan zauna lafiya.

Likitan bai wuce sa'ar babban ɗana ba. Ya gyara zama ya shiga yi mini bayani a tsanake: in rage tuwo da fura da shinkafa da burodi, in bar shayi mai sukari, in ƙara ganye da nama da ƙwai, da wasu abubuwan da ya ci gaba da ambata. Ni kuwa mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a lekol, makarantar boko, yana magana yara suna saurare, kunnena ya daɗe da barin aiki. Ina gyaɗa kai ina cewa dakor, dakor, wato na yarda, alhali tun daga tuwo na daina jin sa. Rabin farko na darasin na ɗauka, rabin ƙarshe na cike da kaina a kan hanyar gida: mai ƙiba ai mai ne ya yi masa yawa, saboda haka mai ma ya tafi.

Na sami matata tana tankaɗe a tsakar gida, na tsaya a kanta na karanta mata sabuwar doka kamar ranar shiga aji. Daga yau ba tuwo, ba fura, ba shinkafa, ba ɗigon mai a cikin abin da zan ci. Na ƙara da cewa kada kowa ya ji wannan magana, ko da 'yan'uwanta ne. Ba ta ɗago ba, ta tambaye ni to me zan ci. Na ce ganye.

"Akuyar gidan nan ma ana ba ta dussa, Malam," in ji ta, ta ci gaba da tankaɗenta.

Dalilin ɓoyewar kuwa fadarmu ce. Akwai wata inuwar itacen bedi, wato darbejiya, a bakin hanya inda mu tsofaffin ma'aikata muke haɗuwa bayan la'asar, ana shayi ana gyara duniya. Na san halin wurin sarai. Da zarar an ji mutum yana da ciwo mai suna, sai a ba shi kujera mai jingina, a daina yi masa gardama, a riƙa yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar an zo masa gaisuwar mutuwa da wuri. Ni kuwa gardamar ce take kai ni wurin. Sai na ce musu cikina ne ya ɗan lalace, shi ya sa na bar shayi.

Haka na shiga rayuwar ganye. Zogale dafaffe da gishiri, ba mai ba ƙuli. Rama, yaɗiya, kabeji, duka a ruwa. Idan an sayo nama in zauna da wuƙa ina yanke kitse ina jefa wa kyanwa, har kyanwar ta fara sheƙi ni kuma na fara furu-furu. Ƙwai ma farin nake ci, in tura wa matata gwaiduwar, ita kuma ta karɓa ba musu.

Tumbin ya fara sauka, wannan gaskiya ne, kuma na yi alfahari da shi. Abin da ya biyo baya ne ban tanada ba. Yunwa ta zama abokiyar zamana, in ci kwano cike da ganye, kafin in wanke hannu ta dawo ta zauna. Zuwa bayan gida ya zama aikin ƙarfi. In na ɗago daga ruku'u sai masallaci ya ɗan juya da ni. Ga faɗa: na yi da mai kawo mana ruwa, na yi da rediyo, na yi da zakaran maƙwabta. Akwai wata mai tuyar ƙosai a kwanar layinmu, na koyi tsayawa kusa da ita ina latsa waya kamar mai neman lamba, alhali ƙamshi nake shaƙa. Wata rana ta roƙe ni in ɗan matsa, wai ina tare mata masu saye.

Da lokacin komawa asibiti ya yi, na tafi da ƙafata ina tsammanin yabo. Sukarin ya sauka, amma likitan bai yi murmushi ba. Ya dube ni sama da ƙasa, ya sa na faɗa masa abin da nake ci tun daga safe. Da na gama sai ya tambaye ni wanda ya ce in bar mai. Na ce shi ne. Ya ce bai faɗa ba. Na ce to ya kusa faɗa.

Ya yi haƙuri ya sake darasin daga farko. Ya ce jikin da aka rage wa hatsi dole a ba shi wani abin da zai ƙona, in ba haka ba zai koma yana cin kansa. Ya ce mai ne yake riƙe ciki ya hana yunwa dawowa da wuri, kuma akwai amfanin da ke cikin ganye wanda ba ya shiga jiki sai da rakiyar mai. Ya ambaci man gyaɗa sabon matsa, da gyaɗar kanta, da riɗi, da kifi mai maiƙo, da ƙwai har gwaiduwarsa, da man zaitun, da avoka. Man shanu da kitse ya ce kaɗan-kaɗan. Wanda ya hana gaba ɗaya shi ne man da aka yi ta tuya da shi har ya yi baƙi. Ya kuma ce tuwon ma ragewa ya ce in yi, bai ce in yi gaba da shi ba, in ci ɗan madaidaici da miya mai yawa.

Wannan karon na saurara, na rantse. Sai dai a cikin duk abin da ya ambata, biyu ne suka zauna mini: man zaitun da avoka. Su ne suka yi kama da abincin wanda ya yi karatu. Man gyaɗa kuwa da shi aka raine ni, uwata da hannunta take matsa shi a turmi, ban ga yadda za a yi ya zama magani ba. Da na buga wa ɗiyata da ke aure a birnin Yamai waya, ita kaɗai na faɗa wa bayan matata, sai ta ƙara mini ƙarfi. Ta cika wayata da bidiyon Turawa masu fararen haƙora suna yanka avoka suna zuba man zaitun daga doguwar kwalba.

Avoka na fara nema. Na zaga kasuwar Dutsi rumfa-rumfa. Masu mangwaro ba su san shi ba, masu tumatir ba su san shi ba. Wani dattijo da ya ɗan ji Faransanci ya kama hannuna cikin tausayi ya nuna mini hanyar kotu, ya ce a can ake samun su, amma in yi hankali da su. Ashe da Faransanci lauya ma avoka ake ce masa. A ƙarshe na roƙi wani direba a tasha ya sayo mini daga Yamai. Ya sayo, ya kuma ajiye su a ƙarƙashin buhunan albasa. Da suka iso sun yi baƙi sun yi laushi kamar tsohuwar daddawa. Matata tana tsaye tana kallo, saboda haka na ɗauki cokali na cinye ɗaya tas, na ce mata haka yake, wanda bai saba ba ne yake ganin kamar ya lalace. Ranar ban je fada ba.

Man zaitun kuma ba a kantin kayan abinci na same shi ba. Wani ya ce in duba shagon magungunan Musulunci da ke kusa da tasha. Ina shiga mai shagon ya miƙe tsaye ya ce, "Mushe!" Haka yaran lekol suke kiran malaminsu da Faransanci. Sai da na dube shi sosai na gane shi a bayan gemu: tsohon ɗalibina ne, tun ina koyarwa a Kore Mairuwa. A lokacin yaro ne mai shiru wanda lissafin rabawa ya ƙi shiga kansa. Yanzu ga shi magidanci, wando bai kai idon sawu ba, shago cike da zuma da dabino da habbatus sauda da turaruka, kuma bisa ga dukkan alamu rabawa ta daina ba shi wahala. Man zaitun yana nan jere, sai dai a 'yan ƙananan kwalabe kamar na turare. Na sayi kaɗan na tafi.

Da na zuba shi a kan kwaɗon zogale, na ji kamar an buɗe mini taga. Ranar na ci na ƙoshi, na yi barcin rana, ban yi faɗa da kowa ba. Matsalar kwalbar ce, ba ta wuce ci biyu. Sai na zama ɗan gida a shagon, yau ina can gobe ina can. Na san abin da mutanenmu suke sayen man zaitun dominsa, na san ana tofa masa ayoyi a shafa wa wanda iska ta taɓa. Amma ban taɓa haɗa wannan sanin da kaina ba, domin ni a ganina ina cikin sahun Turawan bidiyo.

Wata rana ɗalibin nawa ya jira har shagon ya zama ba kowa, ya rage murya.

"Mushe, ka gafarce ni. Wa ke da lalurar a gida?"

Na ɗauka ya gano ciwon sukarin ne. Na ga ba amfanin musu, na ce ni ne. Ya yi salati a hankali, ya tambaye ni yadda abin yake zo mini. Na faɗa masa gaskiya: jiri, rama, jin haushin mutane ba gaira ba dalili, sannan ba na cin hatsi. Nan ya tsaya. Ya ce ba na iya ci ne, ko ba na so? Na ce an hana ni. Ya ce wa ya hana? Ni kuma kalmar likita ta yi mini nauyi a baki, sai na ce an dai hana ni.

Idonsa ya kawo ruwa. Ya shiga ciki ya fito da wata kwalba, ya ce wannan shi da kansa ya yi mata karatu, kuma ba zai karɓi komai ba, haƙƙin malami ne. Ya ce in riƙa yi safe da yamma. Na ce ni da rana da magariba nake yi, lokacin cin abinci. Ya ce duk ɗaya ne. Na tafi ina yaba tarbiyyar da na ba yaran nan, na je na juye kwalbar a kan kwaɗo.

Ba tsegumi ya yi ba, wannan zan shaide shi. A masallacinsu ya roƙi a sa tsohon malaminsa a addu'a, ya ɗan yi bayanin abin da ke damuna don addu'ar ta san inda za ta. Daga nan maganar ta kama hanya. Kafin in farga, na je fada na tarar an ajiye mini kujera mai jingina. Na kawo wata magana a kan siyasa wadda ni kaina na san ba daidai ba ce, kowa ya ce haka ne. Wani tsohon jandarma da muka shekara muna musu ya tambaye ni ko ina bi ta gindin tsamiyar nan ta bayan asibiti, na ce ita ce hanyata, ya ce in canza. Mata suna shigowa gidanmu suna yi wa matata ya mai jiki, tana cewa da sauƙi. Daga baya da na tambaye ta me ya sa ba ta gyara musu ba, ta ce ni na ce kada ta faɗa wa kowa, ita kuma mace ce mai bin umarnin miji. Tana faɗa tana kallon gefe.

Maganar ba ta tsaya a Dutsi ba. Ta hau motar kasuwa ta yi kudu har wani ƙauye kusa da Geceme, inda gwaggona take, ƙanwar mahaifina, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, ba ta wasa da salla, amma ta tashi a gidan da aka san iskoki da sunayensu da abin da kowace take so, kuma ba ta taɓa ganin dalilin mantawa ba. Wata rana da hantsi sai ga ta ta yi sallama, an biyo ta da kaya: ƙwarya cike da man shanu, galan na kindirmo, ƙullin riɗi, ƙwan zabi a cikin ƙaiƙayi don kada su fashe, da wani farin ƙyalle a naɗe.

Ba ta ce komai a kan ciwo ba. Ta sha ruwa, ta yi gaisuwa, ta tambayi kowa, tana kallona ta gefen ido. Da aka kawo abincin rana aka ajiye mata tuwo miyar kuka, ni kuma aka ajiye mini kwaɗona. Ta miƙo mini loma. Na ce na gode, ba na ci. Ta miƙo mini ludayin fura, na kau da kai. Sai ta zuba kindirmo zalla a ƙoƙo ta ba ni, na shanye na lashe baki. Ta gyaɗa kai kamar likitan da ya gama karanta sakamako.

"Ita ce," in ji Gwaggo. "Doguwar Hilani ce. Ba ta cin hatcin manoma, nono taka so da man shanu."

Ta bayyana mini cewa tun zamanin kakanmu wannan doguwa take tare da gidanmu, lokacin muna da shanu a hannun Filanin da ke zaune bayan gari. Duk shekara ana zuba mata nono. Da aka sayar da shanun, wasu don yunwa, wasu don karatuna, ba wanda ya sake tunawa da ita. Ta ce doguwar mai kunya ce, shi ya sa ta bar ni na gama aikin gwamnati kafin ta zo.

A nan na ga ɓoyewa ta ƙare. Na ce Gwaggo, ciwon sukari ne, likita ya auna jinina ya gani. Ta ce ba ta musa ba.

"Likita sawunta ya gani, ɗana. Ita bai gan ta ba."

Muna cikin haka bayan la'asar aka yi sallama a zaure. Ɗalibina ne tare da abokansa biyu, sun zo yi mini karatu a gida, domin ya ga kwalabe suna ta tafiya ni kuma ban daina zuwa ba, alamar abin ya yi ƙarfi. Na tsaya a ƙofar zaure, a bayana Gwaggo tana warware farin ƙyallenta, a gabana samari masu gemu suna cire takalma. Kowane ɓangare ya hango ɗayan, kowa ya gane abin da ya kawo ɗan'uwansa. Aka gaisa cikin ladabi, irin ladabin da ke sa mai gida gumi. Gwaggo ta ce musu sannunku da zuwa 'ya'yana, ku yi naku, ban hana ba, amma wannan doguwar ba ta jin Larabci sosai. Ɗalibina ya ce Allah ya shirye mu baki ɗaya, Inna.

Na buɗe baki in yi bayani, ni da na shekara ina bayani, na rasa ta inda zan fara. Matata ce ta fitar da ni. Ta fito da mayafinta, ɗauke da kwanon kwaɗo da kwalbar da aka yi wa karatu, ta ajiye a gabana kan tabarma. Ta buɗe kwalbar ta juye sauran man a kan zogalen, ta juya da cokali, ta ce bismilla Malam, ta koma ciki.

Ɗalibina ya dubi kwanon ya dube ni.

"Mushe, ci kake yi?"

Na ce ci nake yi. Na faɗa masa duka, tun daga asibiti har avokan da ke ƙarƙashin albasa. Abokansa suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu suna rawa. Shi kuwa sai ya ce to ai cin sa ma alheri ne, itace ne mai albarka. Daga nan dariyar ta ƙwace masa, ya rufe fuska da hannu yana ba ni haƙuri. Da ya natsu ya ce da na faɗa masa tun farko da ya sa an kawo mini babbar kwalba ta girki, ba waɗannan na shafawa ba. Ya kuma ce mahaifinsa ma yana da ciwon nan, kuma da man gyaɗa yake cin ganyensa lafiya lau. Suka yi mini addu'ar samun sauƙi duk da haka, na ce amin da zuciya ɗaya, Gwaggo ma ta ce amin daga tsakar gida.

Washegari na je fada na ture kujera mai jingina na zauna a kan benci, na faɗa musu sunan ciwona da bakina. Sai tsohon jandarman nan ya yi gyaran murya ya ce shi ma an faɗa masa haka tun bara, shayin da ake ba shi a bayan kujera yake zubarwa. Wani da muke yi wa kallon waliyyi saboda kullum yana azumin nafila ya ce shi ma ba kullum ne azumin ba. Muka dubi juna, tsofaffin banza, kowa yana ɓoye wa kowa abu ɗaya. Jandarman ya ce to tunda ba iska ba ce, maganar da na yi rannan a kan siyasa shirme ce, kuma ya daɗe yana son ya faɗa mini. Ban taɓa jin daɗin zagi kamar na ranar ba.

Gwaggo ba ta koma da wuri ba. Ta ce tunda ta zo sai ta ga abin da ya kawo ta ya daidaita, ta karɓe madafa daga hannun matata. Ta soya riɗi sama-sama ta daka shi har ya fitar da mai, ta kwaɗa zogale da shi. Ta yi miyar ganye da dakakkiyar gyaɗa mai kauri wadda ake sha da cokali. Ta sa aka sayo tarwaɗa, ta dafa ta da fatarta. Da safe ƙwan zabi da man shanu. Duk wannan ba don ni take yi ba, don baƙuwar da take jin tana jikina ne, ni dai ta bakina abin yake bi. Jirin ya tafi, fatata ta dawo, na daina tsayawa wurin mai ƙosai.

Inda muka saɓa biyu ne. Na farko man shanu: Gwaggo ba ta san kaɗan ba, ludayi take sawa, har sai da na koma asibiti likita ya ce in ja mata birki, in fi ba da ƙarfi ga gyaɗa da riɗi da kifi. Na biyu tuwo. Likita ya yarje mini ɗan madaidaici, Gwaggo ta hana, wai doguwar za ta yi fushi. Sai ga ni, magidanci mai jikoki, ina jira tsohuwa ta tada salla in shiga madafar gidana in gutsuri tuwo in ci a tsaye, matata tana gadin ƙofa. Farin ƙyallen kuwa na ce ba zan ɗaura ba, kuma ba za a zuba nono da sunana ba. Ba ta yi gardama ba. Daga baya matata ta ce ta gan ta tana zuba ɗan kindirmo a kusurwar bayan ɗaki, ta kuma ga wata kaza ta bi baya.

Yanzu abin ya zauna. Akwai wata mata a unguwarmu da take matsa man gyaɗa, wurinta muke saye tun yana da ɗumi. Riɗi ba ya yankewa a gidan. Man zaitun ina sa a kawo mini babbar kwalba jefi-jefi, in na ji marmarin zama Bature. Avoka kuwa sai in na je Yamai, kuma na gano ashe cikinsa kore ne.

Bayan girbi aka yi rasuwa a dangi, na tafi ƙauyen su Gwaggo gaisuwa. Tun daga bakin gari na ga ana yi mini wani irin kallo, tsofaffin mata suna durƙusawa fiye da yadda shekaruna suka cancanta. Da aka fito da abinci, maza suka kewaye manyan akussan tuwon sabon gero, ƙamshinsa yana tashi, ni kuma aka kai ni inuwa ni kaɗai aka shimfiɗa mini farar tabarma. Aka kawo mini ƙwai da kindirmo da kwaɗon riɗi, ba ko loma ɗaya ta tuwo. Na hangi Gwaggo daga nesa tana ba da umarni.

Ina cikin ci wata mata ta zo ta durƙusa nesa kaɗan, ta gaishe ni, ta gaida wadda nake tare da ita. Ta ce tunkiyarta ce ta ɓata tun shekaranjiya, mai ciki, sun duba ko'ina. Ko zan taimaka in tambaya mata, tunda ita waccan ta san dabbobi.

Na ajiye ƙoƙon na yi mata bayani a hankali, da irin muryar da nake koyar da 'yan ajin farko. Na ce ni tsohon malamin lekol ne, ciwon sukari gare ni, likita ne ya ce in rage hatsi in ƙara mai, ba ni da wata baƙuwa kuma ban san inda tunkiyarta take ba. Ta saurare ni har ƙarshe tana gyaɗa kai. Sannan ta ce ta gane, ba komai, ba sai yau ba. Ta ce tunkiyar fara ce, mai baƙin kunne ɗaya, in dai an tashi dubawa. Ta miƙe ta yi godiya ta tafi, ni kuma na jawo kwanon ƙwan na ci gaba da ci.